Luba ta Daren Laraba

A Ƙaura, bayan tashar da jirgi ya daina zuwa,
akwai gida mai ƙyauren langa-langa, da durumi a gaba.
Can take zaune tana ɓarar gyaɗa da lalube,
in ka yi sallama kunne take juyowa,
ido ya yi yana, ya gaji da duba.
Yaran unguwa Iya Mai Ƙuli suka sani.
Mu da munka riga su, mun san Luba.

Ina ɗan shekara tara, talabijin ɗaya ce a layinmu,
baƙi da fari, batirin mota, eriya bisa gora.
Sai ka wanke ƙafa kafin a bar ka ka hau tabarma.
Wanda ya yi tari a zungure shi,
wanda fitsari ya matsa ya riƙe abinsa,
don ba a tashi a daren Laraba.

Sai ga ta: Hajiya Ba-Bashi, mai kantin kwana,
goro a kumatu, makullai a haɓar zane,
ta ɗaga gira ɗaya, ɗayar na barci,
ta ce, “Ko uwata ce, ta aje kuɗi ta ɗiba!”
Tsofaffi na share ƙwalla da hula.
Har ladan ya taɓa makara, bai musa ba.

Ita fa tafireta take bugawa a ofishin gona.
Wasiƙa aka aike ta kaiwa Sakkwato,
ta tarar mai wasan ranar ta haihu da asuba,
aka miƙa mata takarda, aka ce gwada.
Babanta, mai daga tuta ga jirgi,
shekara biyu gaisuwarta bai amsa ba,
har wani dare aka gan shi bayan taro, a tsaye,
rawani a baki, kafaɗu na rawa,
bai ce ya yafe ba, bai ce ta tuba ba,
washegari dai ya aika mata da gwaiba.

Naira goma sha biyar kowane fitowa,
ita ma sai an yi wata huɗu ana zuwa gobe.
Ba-Bashi ce ke bin gwamnati bashi!
A kasuwa mata su ƙi ba ta ko gishiri sai ta biya,
suna dariya, tana dariya,
ta koma gida ta raba tuwonta da duk wanda ya leƙo.
Sunan ya zauna. Kuɗin bai zauna ba.

Zamani ya juya, kaset ya zo da sabbin fuskoki.
Sau ɗaya suka kira ta, uwar da za ta yi kuka.
Ta yi musu na minti ɗaya, mai kyau,
ta karɓi kuɗin mota, ba ta koma ba.
Faya-fayanta kuwa, an naɗi jawabin manya a kan wasu,
sauran gara ta ci, ba ta yi dariya ba.

Ni gyaran rediyo nake yi yanzu.
Bara wani ɗan gwangwan ya kawo tsohuwar bidiyo,
na buɗe cikinta, ga kaset ya maƙale, babu suna.
Minti bakwai ne suka tsira.
Na ɗauki janareto da akwati a baro na nufi durumi.

Hoton na rawa, muryar na nan garau.
Hannunta ya tsaya cikin gyaɗa.
Leɓenta na riga yarinyar cikin akwati faɗin kowace kalma.
Da ya ƙare ta yi shiru, sannan ta ce,
“Wagga ɗiya ta cika gaggawa.
Da ta jira dariya ta sauka kafin ta zuba.”

Zan tafi na ɗebi ƙuli na ɗari biyu,
na laluba aljihu, ban fito da ko sisi ba.
Ta ɗaga gira ɗaya, ɗayar na barci.
Na tsaya kamar ɗan shekara tara.
Ta ce, “Tafi abinka. Ka kawo Laraba.”